Gem ɗin haɗa alawa da na guje-guje: wanne ya fi amfani?

Wata Malama da ke koyarwa a firamare a Tudun Wada ce ta aiko da tambayar. Ɗanta mai shekara 12 ya maƙale wa gem ɗin guje-guje a wayarta, yanzu kuma yana naci a sauke masa na harbe-harbe don abokansa duk shi suke yi. Ita kuwa Candy Crush take bugawa da dare in ta gama makin littattafan yara, tana ganin nata wasa ƙwaƙwalwa ne, nasa ɓata lokaci. Tana so ta san ko haka ne, ko da gaske wasannin nan suna ƙara basira, da kuma inda datarta ke shiga.

Malama, zan fara da abin da ba lallai ya yi miki daɗi ba: naki bai fi nasa ba. Ta wata fuskar ma nasa ya fi naki gaskiya. Aikina rubuta manhajar waya ne, ina kuma koya wa matasa sana'ar a nan Samaru ta Zariya, saboda haka ƙananan wasannin nan na buga su don nishaɗi, na kuma leƙa cikinsu don in ga yadda aka ɗinka su. Rabon da mutane ke yi, wai na tunani mai kyau ne, na gudu da tsalle shirme ne, ba ya kai mutum ko'ina. Ni in aka miƙo mini gem, abu ɗaya nake dubawa: idan na faɗi, laifin wa ne? Akwai gem ɗin da in kin faɗi kin ga kuskurenki da idonki, kin san abin da za ki gyara. Akwai kuma wanda aka auna wahalarsa ta yadda faɗuwar za ta zo daidai inda ake da abin sayar miki.

Mu fara da naki. Jera abu uku a layi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan dattawa masu dara a gindin bishiya cikin birni ya san shi: gurbi 30 a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, wannan da tsinke wancan da tsakuwa, ka jera uku ka cire ɗan abokin wasanka ɗaya. A dara ba a ɓoye komai. 'Ya'yan duka suna gabanka, babu wanda zai faɗo daga sama, wanda ya ci da dabararsa ya ci. Shi ya sa 'yan kallo ke iya gardama a kan motsi ɗaya har ladan ya kira sallah.

Candy Crush ma jera uku ne. Kamfanin King ya fito da shi a Facebook a 2012, bisa tsarin wani tsohon gem mai suna Bejeweled na 2001. Kuma ba zan ce babu gwaninta a cikinsa ba. Wadda ta san cewa haɗa huɗu yana ba da alawa mai zane da ke share layi guda, haɗa biyar yana ba da ƙwallon nan mai barbaɗi da ke kwashe launi ɗaya kaf, ta kuma iya haƙurin ajiye su har ta haɗa biyu wuri ɗaya, ta fi mai dannawa kawai nisa. Inda ya rabu da dara shi ne, duk lokacin da kika share wasu, sababbi ne ke zubowa daga sama, ba ki gan su ba, ba ki zaɓe su ba. Ga motsi an ƙidaya miki. Ke nan a mataki mai wuya za ki iya yin komai daidai ki faɗi, gobe ki zo ki yi wasa sakaka ki wuce, saboda zubin ya zo miki da kyau. Idan kin wuce sai ki ce kin gane kansa. Sau da yawa ba wani ganewa, sa'a ce ta zagayo.

Ki tuna daren da ya rage miki gurbi ɗaya tal a can kusurwa, kina ganin alawar da za ta fasa shi, motsi kuma ya ƙare. Kafin ki gama jan tsaki allo ya fito: ga ƙarin motsi 5, ki biya da zinare. Abin da kika ji a ƙirji lokacin ba irin na wadda aka lallasa ba ne. Wadda aka lallasa takan ajiye waya ta kwanta. Ke kuwa saura ƙiris ne ya kama ki. Masu bincike a Jami'ar Waterloo da ke Kanada, waɗanda asalin aikinsu nazarin injinan caca ne, sun zaunar da masu buga Candy Crush suna auna bugun zuciyarsu, suka wallafa sakamakon a 2017. Abin da suka samu shi ne faɗuwar saura ƙiris ta fi kowane irin sakamako sa takaici, ta kuma fi kowanne sa mutum ya ji sai ya sake. Har nasara ba ta kai ta jan mutum ba.

Sai batun rayuka. Ana ba ki 5, kowanne in ya tafi sai bayan minti 30 ya dawo. Wata za ta ce ai tausayi ne, suna hana mutum zarcewa. Mai tsiren da ya san sana'arsa ba ya ba ka ɗanɗano har ka ƙoshi. Da za a bar ki ki buga awa huɗu a zama ɗaya, cikin mako guda zai gundure ki. Amma da yake ana katse ki kina tsaka da so, sai ki dawo da safe, ki dawo lokacin tara, ki dawo a cikin Keke Napep tsakanin Kwangila da PZ. Kuma ba ranar gamawa: matakan sun daɗe da wuce 10,000, ana ta ƙara sababbi. Kamfanonin irin wannan suna ganin matakin da mutane ke gajiya su bari, da wanda suke ciro kuɗi, su nuna wa rabin 'yan wasa siga ɗaya, rabi wata, su riƙe wadda ta fi tsayar da mutane. A 2016 kamfanin wasanni na Activision Blizzard ya sayi King a kan dala biliyan 5.9, a 2023 Microsoft ya haɗiye su duka, a shekarar kuma King ya ce Candy Crush ya kawo masa dala biliyan 20 tun fitowarsa. Mafi yawan masu bugawa ba su taɓa biyan ko sisi ba. 'Yan kaɗan ne ke biya, a irin wancan allon na ƙarin motsi 5.

Ban ce ki goge shi ba. An ƙera shi da kyau, launinsa da sautinsa suna kwantar da rai, kuma wadda ta wuni tana fama da aji cike da yara tana da haƙƙin ta sami abin da ba zai nemi komai daga gare ta ba. Hutu ne, a kira shi hutu. Sai dai ba zai yiwu ki tsaya a kansa ki ce wa yaro nasa ne ɓata lokaci ba.

In wasa ƙwaƙwalwa kike so na gaske, akwai su, kuma daɗinsu daban ne. Tetris shi ne babbansu. Wani Barashe, Alexey Pajitnov, ya ƙirƙire shi a Mosko a tsakiyar shekarun 1980, yawancinmu kuma mun fara saninsa ne a 'yar na'urar roban nan mai batir biyu da ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari. Siffa 7 ce kacal, kowacce murabba'i huɗu, suna faɗowa daga sama kina jera su, layin da ya cika ya share. Shi ma akwai sa'a a ciki, amma ana nuna miki abin da ke tafe, sababbin sigoginsa kuma sai sun raba miki duka bakwai ɗin kafin su sake zagayowa, don kada doguwar sandar nan ta ɓace miki na tsawon lokaci. Idan gini ya kai sama kika faɗi, ramukan da kika bari a ƙasa suna nan suna kallonki, kowanne kin tuna lokacin da kika yi shi. A Disambar 2023 wani yaro ɗan shekara 13 a Amurka, Willis Gibson, ya buga tsohon Tetris na na'urar Nintendo har gem ɗin ya daskare a mataki na 157. Babu kuɗin da zai kai mutum can.

Wanda na fi ba ɗalibaina shi ne 2048, wanda wani matashi ɗan Italiya mai shekara 19, Gabriele Cirulli, ya rubuta cikin hutun ƙarshen mako ɗaya a 2014. Gida 16 ne, kina tura lambobi, 2 ta haɗu da 2 ta zama 4, haka har 2048. Sabon shiga yakan tura ta ko'ina, ya cika gidajen kafin ya kai 512. Wata rana sai ya lura da kansa cewa in ya kulle babbar lambar a kusurwa ɗaya, ya jera na biye da ita a gefenta, ya haramta wa kansa turawa ɓangare ɗaya sai dole, wasan ya canza gaba ɗaya. Fuskar ɗalibi a ranar da ya gano wannan ita ce abin da ake nema a wasa ƙwaƙwalwa, kuma in an faɗa masa tun farko an rage masa rabin daɗin. (Ke na faɗa miki, ki riƙe, kada ki gaya wa yaron.) Sudoku, wasan cike gidaje da lambobi 1 zuwa 9 ba tare da an maimaita lamba a layi ba, ya ma fi tsabta: babu sa'a ko kaɗan, amsa ɗaya ce, ba kuma lissafi ba ne duk da lambobin, ware abin da ba zai yiwu ba ne har wanda zai yiwu ya rage. Akwai kuma Wordle na Turanci, wanda jaridar New York Times ta saya a 2022: kalma ɗaya a rana, gwaji 6, kin ci ko kin faɗi sai gobe. Na kawo shi ne don ki ga ana iya yin gem da miliyoyin mutane ke so wanda kuma yake sallamar mutum da kansa.

To, na yaron. Ina kyautata zaton Subway Surfers ne ko Temple Run. Na farkon daga Denmak ya fito a 2012, kuma a 2018 ya zama gem na farko da aka sauke sau biliyan ɗaya a Play Store. Layi uku ne, motsi huɗu: hagu, dama, tsalle, sunkuyo. Daga nesa kamar ba komai. Amma wata rana ki zauna kusa da shi ki kalli idonsa, kada ki kalli wayar. Ina yawan ganin yara a rumfar masu cajin waya kusa da kasuwar Samaru, mutum ɗaya na bugawa huɗu sun leƙo ta kafaɗarsa. Gwani ba ya kallon ɗan tseren. Idonsa na can saman allo inda jiragen ke ɓullowa, babban yatsansa yana aikin abin da idon ya riga ya gani daƙiƙa ɗaya da ta wuce. Bakinsa a ɗan buɗe, kafaɗarsa na karkata tare da kwanar. Tsakanin ido ya ga abu da yatsa ya motsa, mutum na ɗaukar kamar rubu'in daƙiƙa, gem ɗin kuma yana ƙara gudu a hankali har tazarar ta kusa ƙarewa. A wannan gaɓar, inda wahalar ta yi daidai da iyawarsa, mutum ke mancewa da yunwa da kiran sunansa. Idan ya yi karo da jirgi kuwa, ba ya zargin kowa. 'Yan kallon ma sun ga ya makara. Jikan Snake ne, macijin nan na Nokia da ya fara fitowa a 1997, wanda ya shigo hannunmu a 3310 bayan zuwan GSM a 2001, muka ƙare batir a kansa mu ma.

Aibinsa a wani wuri yake. Ba shi da ƙarshe, ba shi da wurin tsayawa. Zagaye ɗaya minti biyu ne ko uku, sakewa kuma latsawa ɗaya ce, don haka "bari in yi na ƙarshe" ba ta da nauyi a bakinsa. Sannan an lulluɓe shi da tarkace: kalli talla ka tashi daga inda ka faɗi, tara tsabar zinare ka buɗe sabon ɗan tsere, shigo kullum kada kyautar jere ta yanke. Waɗannan ne ke dawo da yaro ko ba ya marmari. Mutumin da ya fi kowa sanin ƙarfin irin wannan wasa shi ne Dong Nguyen na Biyetnam, mai Flappy Bird. A Fabrairun 2014, gem ɗinsa na kan gaba a duniya, ana ba da rahoton yana samun kusan dala 50,000 kullum daga talla, ya cire shi daga kasuwa da hannunsa, ya ce ya zame wa mutane jaraba.

Game da ƙara basira, an gwada, kuma amsar ba ta goyi bayan kowa a gidanku sosai ba. A 2010 mujallar kimiyya ta Nature ta wallafa wani gwaji da aka yi a Birtaniya da mutum 11,430, waɗanda suka yi mako 6 suna wasannin da aka ce suna horar da ƙwaƙwalwa. Sun ƙware a wasannin da suka buga, amma da aka jarraba su a wasu ayyukan tunani, ba su fi waɗanda ba su yi horon ba. A 2016 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta sa kamfanin Lumos Labs, mai manhajar horar da ƙwaƙwalwa ta Lumosity, biyan dala miliyan 2 saboda tallan da yake yi cewa wasanninsa na inganta aiki da karatu ba tare da hujja ba. Mai yawan Sudoku gwanin Sudoku yake zama. Abin dariyar shi ne, 'yar shaidar da ake da ita ta fi karkata wajen yaron. A 2003 masu bincike a Jami'ar Rochester sun ɗauki mutanen da ba sa buga gem, suka sa wasu wasan harbi awa ɗaya kullum na kwana 10, wasu kuma Tetris. Masu harbin ne suka fi samun ci gaba wajen lura da abubuwa da yawa a lokaci ɗaya da kama abin da ya gifta da sauri. Kada dai ya ji wannan ya ɗauka ya sami lasisi: kaifin lura da ido ne, ba hadda ba ne, ba lissafi ba ne, ba zai ƙara masa maki ɗaya a jarrabawar shiga sakandare ba. In kuma kina rufe ido kina ganin alawa na zubowa, kada ki tsorata. An yi nazarin haka a Jami'ar Harvard a 2000 da masu buga Tetris, abu ne da ƙwaƙwalwa ke yi da duk abin da aka maimaita mata kafin barci.

Data kuwa, yawanci ba gem ɗin ke shanye ta ba, talla ne. Da can, zamanin da muke biyan kuɗin awa a kafe a Kongo ko Samaru mu buɗe shafin wasanni na Miniclip, wasannin kan shafi suke, da wata fasaha mai suna Flash, wadda kamfanin Adobe ya rufe a ƙarshen 2020. Yanzu akwai magadansu irin Poki da CrazyGames da ake bugawa a burauza ba tare da an sauke komai ba. Suna da daɗi ga mai ƙaramar waya da ba ta da wuri, amma duk buɗewa sai sun ci data, ga talla a kai. Wanda aka sauke kuwa, irin na guje-guje ko 2048, da zarar ya zauna a waya ba ya bukatar intanet don ya yi aiki. Abin da ke jan data shi ne bidiyon daƙiƙa 30 da ke faɗowa bayan kowane zagaye. Mai gem ana biyansa ne bisa yawan idon da ya ga talla, kuma akwai dubban ƙananan wasanni da aka yanka zagayensu gajere da gangan don talla ya sami wurin shiga. Irin waɗannan, in kin ƙirga, lokacin kallon talla yakan kusa kai na wasan. Gwajin mai sauƙi ne: ki kashe data ki buɗe. In ya yi aiki, haka za a riƙa buga shi. In gem na mutum ɗaya ya ƙi buɗewa sai da intanet, kin san abin da yake so da ke.

Tallan ma kansa sau da yawa ƙarya ne. Kin san wanda ake nuna mutum a rami, ga wuta ga ruwa ga zinare, wani hannu yana zare sandunan ba daidai ba har ranki ya ɓaci ki ce bari ki nuna musu? Da gangan ake yin kuskuren. A 2020 hukumar kula da tallace-tallace ta Birtaniya ta hana irin wannan talla na Homescapes da Gardenscapes, domin abin da ake nunawa ɗan ƙaramin yanki ne na wasan, ainihinsa jera uku ne irin naki. Abu biyu kuma ki kiyaye. Gem ɗin da ya nemi izinin ganin lambobin wayarki ko saƙonninki, ki goge shi, ba abin da zai yi da su na alheri. Sannan waɗanda yara ke tura wa juna ta Xender, wai an buɗe komai kyauta, zinare ba iyaka, wani ne ya farke manhajar ya sake ɗinke ta, ba ki san abin da ya cusa ba. Wayar da ke ɗauke da manhajar bankinki ba wurinsu ba ne.

Na harbe-harben da yake roƙo shi ne inda zan ce ki dakata, kuma ba don bindigar kaɗai ba. Mai yiwuwa Free Fire ne, na kamfanin Garena da ke Singafo, wanda ya fito a 2017 ya kuma karɓu a nan saboda yana tafiya a ƙananan wayoyi. Mutum 50 ake jefawa tsibiri, wanda ya rage shi ya ci, zagaye kamar minti 10. Wannan ya fita daga sahun wasan rage lokaci. Da mutane masu rai ake yi, saboda haka ba a tsayar da shi. In kika aike shi ko aka tayar da sallah yana tsakiyar zagaye, tashinsa na nufin ya bar abokansa an kashe su, gobe a makaranta su yi masa ca. Rigimar da ake yi a gidaje da yawa daga nan take, iyaye na ganin taurin kai, yaro na ganin an sa shi cin amana. Ga maganar murya da baƙi, manya da yara a haɗe, ba mai tace abin da ake faɗa. Ga lu'ulu'un cikin gem da ake saya da kuɗi don kaya da kwalliyar bindiga, wasu ta hanyar juya ƙafar sa'a, ka biya ba ka san abin da zai fito ba. A 2018 hukumar caca ta Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi caca ne. Ga kuma abin da yaran kansu ke kuka da shi: in sabis ya yi rauni, harbinka na isa bayan na abokin gaba, sai a kashe ka kana ganin kai ka fara. A zafin Maris da Afrilu waya na ɗaukar zafi ta rage gudu da kanta, in ana caji ana bugawa kuma batir ne ke biya. A ganina shekara 12 ta yi kaɗan a sake masa wannan shi kaɗai. In har za a yi, a falo, murya a kashe, a kuma yi yarjejeniya da zagaye maimakon minti: zagaye biyu ka ajiye. Ya fi sauƙin cikawa, don an ba shi wurin tsayawa da wasan kansa ya yarda da shi.

Akwai wani iri da ba na sassautawa a kansa ko kaɗan. Wanda ɗan jirgi ke tashi lamba na hawa, ka cire kuɗinka kafin ya ɓace, da duk danginsa masu cewa buga ka ci kuɗi. Sun yi shigar gem, launi ɗaya, sauti ɗaya, tallansu ma a cikin wasannin yara yake fitowa wani lokaci. Caca ce tsagwaronta, kuma yaron da ya saba da juya ƙafar sa'a a gem ba ya jin baƙunta in ya isa can. Wasu kuma ba sa ma biya: za ka ga kuɗi na taruwa a allo, in ka zo cirewa a ce sai ka ƙara kallon talla kaza.

Kada kuma ki ɗauka duk yaron da ke son gem ya kamu da cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa larurar wasan gem a kundin cututtukanta da aka amince da shi a 2019, ya fara aiki a 2022, amma sharuɗɗan masu nauyi ne: mutum ya kasa iko da lokacin farawa da dainawa, gem ya ture sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, kuma a ga haka yawanci na tsawon wata 12 har ya taɓa karatu ko zaman gida. Kaɗan ne ke kaiwa nan. Abin da za ki duba a yaronki ba yawan mintoci ba ne. Yana barci a kan lokaci? Yana fita ƙwallo da yamma in an kira shi? Islamiyya da aikin gida suna tafiya? In an karɓi wayar, fushin minti biyar ne ko na wuni guda? In kin ga ya fara ƙarya a kan wayar, ko yana tashi cikin dare ya ɗauke ta, ko kuɗi na ɓacewa, to lokacin zama da mahaifinsa ya yi, in abin ya ci tura kuma akwai likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika.

Barci shi ne abin da wasannin nan suka fi ci, naki da nasa. Dokar da za ta yi aiki ita ce wadda ta hau kan kowa: bayan Isha waya ta kwana a falo. In ya ga kina ƙarƙashin bargo kina fasa alawa ƙarfe goma sha ɗaya, duk abin da kika faɗa masa da rana ya tashi a banza. Ki sa masa 2048 ko Sudoku kusa da na guje-gujen, kada ki ce masa magani ne, ki dai buga ki bar makinki a kai ya gani. Ki kashe sanarwar duk wani gem, don shi ke kiran mutum da cewa rayukansa sun cika. A Play Store, cikin saituna, akwai wurin da za ki sa a riƙa neman kalmar sirri kafin kowane saye. Ki kunna shi yau, in kuma katin bankinki na maƙale da asusun, ki cire. Ranar da za a saya masa tasa wayar, Google na da manhaja kyauta mai suna Family Link da ke ba ki damar sa iyakar lokaci da amincewa da duk abin da zai sauke, daga taki wayar. A saita ta tun a shago, kafin wayar ta shiga hannunsa.